Tsoron ciyawar ruwa da tarkace a lokacin iyo a tafki

Mai Son Iyo: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba iyo a tafki ko kogi. Na iya iyo sosai a wurin ninƙaya na siminti, inda ruwa yake garau ana hango ƙasa, amma da zarar na shiga tafki wani abu mai santsi ya shafi ƙafata, sai gabana ya faɗi, numfashina ya sarƙe, in kama bugun ruwa ba ji ba gani har in kai gaɓa. Shin ciyawar ruwa tana iya riƙe mutum ta nutsar da shi, ko kuwa tsoron banza nake yi?

Malamar Iyo: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ciyawa ba ta da hannun da za ta ja mutum ƙasa, tana nan ne kawai tana bin motsin ruwa. Abin da ke sa ta naɗe ƙafa shi ne harbin da mutum yake yi idan ya firgita, domin duk lokacin da ya wuntsila ƙafa da ƙarfi, ƙara nannaɗa ta yake yi a idon sawunsa, ga gajiya tana kama shi. Idan ka ji ta taɓa ka, ka daina harbi, ka kwanta rigingine, ka mayar da kai baya har kunnuwanka su shiga ruwa, ka buɗe hannuwa da ƙafafu. Wannan ita ce shawarar da ƙungiyar ceto ta RNLI a Birtaniya take ba duk wanda ya kiɗime a ruwa. Bayan numfashinka ya daidaita, sai ka zame ciyawar da hannu a hankali kamar mai cire safa, ka koma ta hanyar da ka shigo.

Ka kuma lura cewa ciyawa mai saiwa a ƙasa, irin bado, tana buƙatar hasken rana, shi ya sa ta fi yawa kusa da gaɓa inda ruwa ba shi da zurfi. A irin wurin, ka miƙe jikinka a saman ruwa, ka rage zurfin bugun ƙafa.

Tsohon Masunci: Malama ta yi bayani mai kyau, sai dai ni ba zan kira tsoron na banza ba, wurin da aka ɗora shi ne bai dace ba. Ciyawar da ake gudu ba ta kai zaren fatsa da tsohuwar koma da aka yasar haɗari ba, domin zaren roba ba ya tsinkewa da sauƙi idan an ja shi, kuma ido ba ya ganinsa a ruwa mai duhu. A kogi kuwa, babban abin tsoro shi ne itacen da ya faɗi ya nutse: ruwa yana ratsa rassansa ya wuce, amma mutum ba ya wucewa, sai ƙarfin ruwan ya danne shi a jikinsu. Saboda haka kada ka shiga kogi bayan ruwan sama mai yawa, kada kuma ka yi tsalle cikin ruwan da ba ka san ƙasansa ba.

Akwai ciyawar da ban yarda a ratsa ba ko kaɗan, wato mai yawo a saman ruwa tana shimfiɗuwa ba tsaga, irin wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta rufe sassan tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka a shekarun 1990. Haka nan a ƙasashe masu zafi, dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya yakan zauna cikin ciyawar bakin ruwa, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na bincikar lafiyar ruwa kafin shiga.

Malamar Iyo: Gaskiya ne, Baba. Game da sabo kuwa, ɗan'uwa, ka fara da ruwan da bai wuce ƙugunka ba, tare da abokin iyo. Ka sa gilashin iyo ka leƙa ciyawar, ka kama ta, ka goga ta a ƙafarka da gangan kana fitar da numfashi a hankali, har jikinka ya gane taɓin. Sa'annan ka ɗaura robar iska mai launi a ƙugu, wadda za ka iya rungumewa ka huta, kuma masu jirgin ruwa su hango ka daga nesa.