Ko "Juma'ar da za ta yi kyau" ta dace da ragon Idin Ƙetarewa?

Mai Nazari: Salama gare ku 'yan'uwa. Na ji wani mai wa'azi ya kawo karin maganar nan, "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta," yana bayanin Idin Ƙetarewa, wato idin tunawa da daren da Allah ya tsare 'ya'yan farin Isra'ilawa daga mutuwa a Masar. A cewarsa, daren da Isra'ilawa suka yanka rago a Masar shi ne Larabar, Juma'ar kuwa ita ce ranar da aka gicciye Yesu Almasihu. Maganar ta ratsa ni ƙwarai, amma ina so in ji ko ta zauna daidai.

Dattijo: Ɗana, a ganina ta zauna. Duba Littafin Fitowa sura 12: ɗan rago namiji, bana ɗaya, marar aibi, a ware shi ranar 10 ga wata, a yanka shi ranar 14 da yamma, a shafa jininsa a dogaran ƙofa biyu da samanta, kuma kada a karya masa ƙashi ko ɗaya. Manzo Yahaya ya shaida a bishararsa cewa sojoji sun karya ƙafafun mutum biyun da aka gicciye tare da Yesu, amma da suka iso kansa suka tarar ya riga ya mutu, sai suka bar ƙasusuwansa lafiya.

Malama: Baba, a gafarce ni, ina da ja. Bahaushe yana faɗin wannan karin magana ne idan ya ga take-taken abu ya yi hasashen ƙarshensa, hasashe kuwa yakan ci tura, alhali nan shirin Allah ne tun farko. Sannan jinin ragon nan 'ya'yan fari ya tsare daga mutuwa, ba a kira shi hadaya don zunubi ba. Batun kafara yana Littafin Firistoci sura 16, inda ake kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, a kora ɗayan jeji ɗauke da laifofin jama'a.

Dattijo: Gaskiyarki, 'yata, sai dai Sabon Alkawari ne da kansa ya haɗa su. Yahaya Mai Baftisma ya kira Yesu Ɗan Ragon Allah mai ɗauke zunubin duniya, Bulus kuma ya rubuta wa Korintiyawa cewa Almasihu, ragonmu na Idin Ƙetarewa, an riga an yanka shi. Tunda sakamakon zunubi mutuwa ne, jinin da ya sa hukunci ya ƙetare gida ya riga ya nuna hanyar gafara.

Malama: Wannan na amince da shi, Baba. Abin da ya rage mini shi ne kalmar "ake gane ta", domin almajiran da suka ci jibin Idin tare da Yesu ba su gane ba, sai bayan ya tashi daga matattu ya buɗe musu Littattafai, kamar yadda ya yi wa wasu mabiyansa biyu a hanyar ƙauyen Imuwasu. Su dai sai da Juma'ar ta wuce suka fahimci Larabar.