Skyrim ɗina yana jefo ni waje a Riften, a taimaka da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gem ɗin kwamfuta Skyrim Special Edition ne ya sa ni a gaba. Mod-mod ɗin (wato ƙare-ƙaren da 'yan wasa ke haɗa wa gem) da na ɗora masa ta manhajar Mod Organizer 2 sun haura 350: akwai ENB na gyara haske da launi, akwai JK's Skyrim na ƙawata birane, ga tekscha (hotunan da ke lulluɓe abubuwan cikin gem) 4K kusan ko'ina, ga gashi da riguna masu kaɗawa na Faster HDT-SMP. Katin hotona GTX 1660 Super ne mai 6GB, RAM 16GB, gem ɗin a kan SSD yake. A cikin kogo firem 60 a sakan ɗaya nake samu, lafiya lau. Da na doshi garin Riften ko dajin Falkreath sai ya fara tsaitsayawa, ya gangaro 25, wani lokaci ya rufe kansa ɗif ba sallama. Makon jiya na cire wasu mod don ya samu sauƙi, sai abin ya ƙara gaba, yanzu ko ajiya na danna yana iya fita. LOOT, manhajar jera mod, bai nuna min jan gargaɗi ba. Jarumina ya kai mataki na 48, ba na so in rasa shi.

Admin: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Matsala biyu ka haɗa wuri ɗaya. Nauyi daban, rufewa daban. A kan rufewa, a bar cinke. Ɗora Crash Logger, mai rubuta rahoton faɗuwar gem, ka je Riften ka bar shi ya faɗi, sannan ka shiga Documents, My Games, Skyrim Special Edition, foldar SKSE, ka turo mana rahoton. Sau da yawa sunan fayil ɗin da ya jawo abin yana nan a rubuce.

Ka kuma faɗa mana lambar gem ɗinka. Tun da Anniversary Edition ya fito a Nuwamba 2021 aka rabu gida biyu, masu 1.5.97 da masu 1.6. Dole SKSE64 (manhajar da mod da yawa ke dogara da ita) da Address Library da duk mod mai fayil ɗin DLL su dace da lambarka. SSE Engine Fixes kuma kashi biyu ne, na biyun da hannu ake zuba shi a foldar gem kusa da SkyrimSE.exe, mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Shi LOOT jeri kawai ya sani. In mod biyu suna rigima a kan abu ɗaya a ciki, sai SSEEdit ne zai nuna maka.

Mai gyaran kwamfuta: Oga, 6GB da 4K ko'ina da ENB? Ka tausaya wa katin nan mana. Tekscha 4K guda ɗaya mai inganci tana cin kusan 21MB, ta 2K kuwa 5MB da 'yan kai, don ninki huɗu ne tsakaninsu. Kunna MSI Afterburner ka sa ido a kan VRAM, wato ma'adanar katin hoto, daidai lokacin da kake shiga Riften. In ka ga ya manne kusa da 6GB, to katin ya cika, yana ta kai-kawo da RAM, shi ne tsaitsayawar da kake gani. A allon 1080p wallahi ba za ka bambance kwandon kabeji mai 4K da mai 1K ba. Bar manyan ga duwatsu da dodanni, sauran ka rage su da Cathedral Assets Optimizer. Pagefile na Windows, wato wurin da yake ara a faifai in RAM ya cika, ka ba shi 20GB ko fiye, gem mai mod da yawa yana buƙata. Sannan yaushe rabonka da buɗe akwatin ka hure ƙura? Katin Nvidia in ya kai wajen digiri 83 da kansa yake rage gudu, ga zafin garinmu ka sani.

Ɗan Zariya: Maigida na yarda da kai, amma Riften ba laifin kati kaɗai ba ne. Injin Skyrim a kan DirectX 11 yake, kowace tukunya da ganga da fitila sai furosesa ta aika umarnin zana ta, JK kuma ya cika garin da tarkace. Ga gashin SMP a kan mutanen kasuwa, duk furosesa ce ke lissafinsa. Gwaji mai sauƙi: mayar da allon 720p ka tsaya a tsakiyar kasuwa. In firem bai motsa ba, rage tekscha ba zai cece ka a wurin ba, sai ka taƙaita SMP ga jaruminka da mai rakiyarka. Falkreath kuwa ciyawa ce da inuwar bishiyoyi. Ƙara lambar iMinGrassSize a fayil ɗin saitin gem, ciyawar za ta ragu. Ni na bar ENB na koma Community Shaders, ban yi da-na-sani ba.

'Yar Maraɗi: Duk kun tsallake maganar da ta fi ba ni tsoro. Yaya, cewa ka yi ka cire mod a tsakiyar wasa? In masu sikirif ne, bayanansu na Papyrus, harshen sikirif na gem ɗin, sun riga sun zauna a cikin ajiyarka. Kamar ka zare bulo ne daga tsakiyar katanga. Mayar da su yadda suke, ka ɗauko ajiyar da ka yi kafin cirewar, ka ci gaba daga nan.

Ɗan Zariya: Ai ReSaver na FallrimTools zai share ragowar.

'Yar Maraɗi: Yana share sikirif marasa uwa, gaskiya ne, amma ba ya mayar da abin da mod ɗin ya riga ya sauya a duniyar gem. Sai in babu tsohuwar ajiya za a je gare shi, shi ma bayan an kwafi foldar ajiya an ɓoye gefe. Kuma ka daina dogara da F5, maɓallin ajiyar gaggawa, kaɗai, ka riƙa yin sabuwar ajiya da hannu. A ɗauke wuta yana cikin rubutawa, shi ke nan ta lalace.

Admin: Maganarta dutse. Ƙari ɗaya: buɗe sabon furofayil a Mod Organizer 2, ka fara sabon wasa, ka hau keken doki daga bargar Whiterun zuwa Riften. In sabon bai faɗi ba, ajiyarka ce ta samu matsala. In ya faɗi, kashe rabin mod ɗin ka sake gwadawa, ka yi ta rabawa biyu har ka kama mai laifi. A sabon wasan fa, ba a kan jaruminka ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Lambata 1.6.1170 ce. VRAM ya kai 5.9GB tun daga ƙofar gari. Na mayar da mod ɗin, tsohuwar ajiya ta mataki na 45 ta buɗe kuma tana ajiyewa lafiya. Amma sabon wasan ma ya faɗi a Riften, rahoton yana ta maimaita wani fayil mai .nif na sulken masu gadi.

Admin: Madalla, an kama shi. Duba shafin da ka sauko da sulken. In na tsohon Skyrim ne na 2011, wuce da foldarsa ta Cathedral Assets Optimizer ya juya ta zuwa tsarin Special Edition, fulogin ɗin kuma ka buɗe shi a Creation Kit ka sake ajiyewa. In akwai wanda aka riga aka juya, ɗauko shi ya fi sauƙi. Kafin nan shiga Steam ka saita gem ɗin kada ya sabunta kansa sai an kunna shi daga can, kai kuma kullum ta SKSE za ka riƙa shiga. In ya sake faɗuwa turo sabon rahoton.