Dokokin Majalisar Kano kan yara da makarantu: shin karɓar kuɗi a firamare ya halatta?

Uban Yara, Fagge:
Assalamu alaikum. A 'yan shekarun nan Majalisar Dokokin Jihar Kano ta zartar da dokoki da suka shafi iyali kai tsaye, ciki har da ta ilimi kyauta kuma dole, da ta kare haƙƙin yara wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2023, da ta gwajin lafiya kafin aure a 2024. Abin da nake neman ƙarin bayani a kansa shi ne ta ilimi, domin har yanzu kowane zangon karatu yarana sai sun dawo da saƙon kuɗin jarrabawa ko na alli. Shin wannan ya saɓa wa doka, kuma idan ya saɓa, wa ake kai wa ƙara?

Ɗalibin Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun kafin dokar jiha, dokar tarayya ta ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba da ilimi kyauta na shekara tara, wato firamare da ƙaramar sakandare, kuma ta mayar da karɓar kuɗi a kan wannan hidima laifi. Ita ce kuma ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: gargaɗi a karon farko, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya idan ya sake. Abin da Kano ta ƙara, tun daga shirin da gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar a 2019, shi ne haɗawa da babbar sakandare. Saboda haka idan tilas aka yi maka, har aka kori yaro don bai biya ba, kana da hujja. Gudummawar da ƙungiyar iyaye da malamai ta amince da ita bisa raɗin kanta kuwa wani abu ne daban, muddin ba a mayar da ita sharaɗin shiga aji ba.

Malamar Firamare:
Malam, ba na kare karɓar kuɗi, amma ya kamata a ji ɓangarenmu. Majalisa tana zartar da doka, tana amincewa da kasafi, amma abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ake sakewa daban. A ajina yara kan cika har bakin ƙofa, na baya suna zaune a kan buhunan da suka zo da su daga gida, kuma idan jarrabawa ta zo, shugaban makaranta ne zai nemo kuɗin buga takardun tambayoyi, ko kuma a rubuta su a allo a jira kowa ya kwafa. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, an kuma ware wa fannin kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafi, kuma mun ga gyaran ajujuwa a wasu wurare. Kuɗin hidimar yau da kullum ne dai ba ya isowa a kan kari.

Dattijo daga Gwale:
Ni abin da na lura da shi shi ne, dokar gwajin aure ta fi saurin kama ƙasa, domin akwai wanda zai tsaya a ƙofa: limamin unguwarmu ba ya ɗaura aure sai waliyyai sun miƙa masa takardar asibiti. Dokar ilimi ba ta da irin wannan mai tsaro, ga shi masu unguwanni ba su da ikon hukunta kowa.

Ɗalibin Shari'a:
Haka ne, Baba. Malam Uban Yara, ka fara da kwamitin kula da makarantar, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Idan ba a saurare ka ba, ka rubuta takardar koke ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku zuwa kwamitin ilimi na majalisar, kuma zai fi tasiri idan iyaye da yawa suka sa hannu, aka haɗa da rasit ko takardar da aka aiko yara da ita.