Ina ruwan Gana da ƙanƙarar Antatika?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ana yawan cewa narkewar ƙanƙarar ƙarshen duniya ce ke sa teku cinye gaɓarmu. Shin wa ke iko da waɗannan yankuna, kuma Gana tana da ta cewa?

Malamin Aboabo:
Wa alaikumus salam. Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, tana ƙarƙashin yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sanya wa hannu a Washington a 1959, wadda ta haramta ayyukan soja da gwajin nukiliya, ta kuma jingine iƙirarin mallakar ƙasa domin masana su yi bincike tare. A 1991 aka ƙara ƙa'idar Madrid da ta hana haƙar ma'adinai. Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu cikin waɗanda suka kafa yarjejeniyar ta 1959, har tana da tashar bincike a can. A ganina, wannan rashin wakilcin sauran ƙasashen Afirka, har da Gana, sakaci ne babba.

Hajiyar Madina:
Malam ya yi gaskiya, sai dai yankin Aktik, wato ƙarshen arewacin duniya, daban yake, domin Majalisar Aktik da aka kafa a 1996 ta ƙasashe 8 ce masu yanki a wurin, ciki har da Rasha da Amurka. Kuma ƙanƙarar da ke kan tudu, irin ta tsibirin Girinlan, ita ce ke ƙara ruwan teku sosai.

Ɗan Ashaiman:
Hajiya, kada a ɗora wa ƙanƙara laifin duka. A Keta, garin da ke gaɓar tekun Gana, inda igiyar ruwa ta rushe gidaje, madatsar Akosombo ta tare yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa, masu ɗibar yashin gini kuma suka ƙara dagula lamarin.