Ruwa na shiga motata, tapi (shimfiɗar ƙasan mota) ya jiƙe har yana wari, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sanin harkar mota ku taimaka min. Ina da Toyota Carina E tsohuwa, tun shigowar damina duk ranar da aka yi ruwa sai in tarar tapin gaba ta wajen mai zaman banza ya jiƙe sharkaf, na goge da tsumma na bar ƙofofi a buɗe ya bushe ta sama amma warin ruɓa ya ƙi fita, har maiɗakina ta ce ita dai gara ta hau kabu-kabu. A unguwar Garin Malam nake cikin Damagaram, motar a waje take kwana ƙarƙashin dogon yaro. Wani ya ce in canza robar ƙofofi duka, wani ya ce gilashin gaba ne a cire a sake mannawa, ni kuma kuɗin ba su da yawa, ta ina zan fara?

Makanisiyen a Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam kada ka sayi komai tukuna. Tunda ka ce dogon yaro ni na riga na zargi wuri ɗaya. Ɗaga kapo, wato murfin inji, ka dubi ƙasan gilashin gaba inda abin share gilashi yake, akwai roba baƙa mai ramuka, ƙarƙashinta kwata ce da ruwan gilashi ke bi ya fita ta bayan tayoyin gaba. Ganye da ƴaƴan dogon yaro da ƙurar hunturu su ke taruwa a nan su zama laka su toshe hanyar, ruwa ya cika ya haura ta ramin da fanka ke shaƙar iska ya zubo daidai ƙafar wanda ke zaune a dama. Ka cire robar ka kwashe dattin da hannu, ka zura waya mai laushi a ramukan gefe biyu, sannan ka zuba ruwa ka ga ko yana fita ƙasa.

Ɗan taksi:
Ni tawa Starlet ce kuma robar ƙofa ce ta yi min haka, ranar Damagaram ba ta barin roba da rai, sai ta bushe ta tsattsage. Ka sa takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja, in ta zare ba wuya to robar ta mutu a wurin.

Makanisiyen a Sabon Gari:
Gaskiya ne direba, amma a gwada kafin a kashe kuɗi. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya a waje da buta, a fara zubawa daga ƙasan ƙofa ana hawa sannu sannu, ƙofa, gilashin ƙofa, gilashin gaba, rufi a ƙarshe. In ka fara daga sama ruwan zai bi ko'ina ba za ka gane komai ba.

Wata Hajiya daga Birni:
Ɗana, kilim ɗin motar, wato na'urar sanyaya ciki, yana aiki? Ni tawa ba ruwan sama ba ne ma, har a watan Afrilu tana jiƙewa, ashe ɗan tiyon da ke zubar da ruwan kilim ƙasa ne ya toshe, aka hura masa iska shi kenan. Ka kunna kilim ka tsaya ka leƙa ƙarƙashin mota, in ba ka ga ɗigo ba to ciki yake zuba.

Toliye:
Ni mai gyaran jikin mota ne, duk abin da suka faɗa daidai ne amma ba wanda ya taɓo babbar matsalar. Alhaji tapin da kake gani ya bushe ƙarya yake maka, ƙarƙashinsa akwai soso mai kauri da ke riƙe ruwa kamar tabarmar kaba da aka naɗe a jiƙe, shi ne ke warin kuma shi ne ke cin ƙarfen ƙasan mota a ɓoye. Motocin nan da ake kawo mana ta Kwatano da yawa sun sha gishirin da ake zubawa kan hanya a Turai lokacin ƙanƙara, da tsatsarsu suke zuwa, ruwa ya kwanta musu damina ɗaya biyu sai ka ga kwalta ta ƙarƙashin ƙafarka. Kwance kujerar gaba, ƙusoshi 4 ne, in akwai waya a ƙasanta ka fara cire kan batir, ka ɗaga tapi ka fito da soson ka shanya a rana har ya bushe ƙarau, in ya ruɓe ka yar da shi. Inda ka ga tsatsa a kankare a shafa jan fenti na maganin tsatsa. Ka duba ƴan robobin da ke toshe ramukan ƙasa, in ɗaya ya faɗi duk kududdufin da ka shiga a watan Agusta ruwa zai ɓullo ta nan. Kuma dan girman Allah kada wani ya lafta maka silikon na banɗaki a gilashin gaba, mai warin tsami ɗin nan tsatsa yake sa ƙarfe, gilashi yana da nasa baƙin gam daban.

Wani daga Mirriya:
Ka taɓa ruwan da yatsa ka sansana. In yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kuma ruwan radiyata yana raguwa, to ɗan radiyatan shofaj ne, wato na'urar ɗumama cikin mota, da ke bayan tabulo, allon gaban direba, ya huje. Mu nan da ba mu damu da shofaj ba sai a haɗa tiyoyin biyu ta wajen inji a kewaye shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗaga robar nan ta ƙasan gilashi, wallahi abin da na kwaso laka ce baƙa da ganye har da ƙwallon dogon yaro da ya fara tsiro. Na zuba ruwa yana fita ƙasa yanzu, ciki ko ɗigo babu. Soson kuwa da na matsa ruwa ne ya tsiyayo, yana kan katanga yanzu. Sai dai na ga tsatsa da ɗan rami da yatsa zai shiga kusa da inda ƙusar kujera take, Malam toliye wannan a like da gam ko sai walda?

Toliye:
Kusa da ƙusar kujera walda, kada ka yi wasa da wurin nan, shi ke riƙe mutum in an ja birki da ƙarfi. A yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe, kuma a janye wayoyi da tapi nesa kafin a kunna wuta.