Don Allah me zan kira "taitil sikwens" da Hausa? Jibi zan miƙa aiki

Ɗalibar Fim: Salam 'yan uwa. An ba mu aiki a makaranta kowa ya haɗa farkon fim ɗin ban tsoro na sakan 90, wato wajen nan da sunan fim da na 'yan wasa ke fitowa da kiɗa da hotuna kafin labari ya fara. Nawa na gama, kyandir ne kawai a ɗaki mai duhu, duk sunan da ya fito sai harshen wutar ya karkata, ƙarshe ya mutu sunan fim ya bayyana. To malaminmu ya ce rahoton da Hausa za a rubuta kuma baya son ganin taitil sikwens a ciki. Na sa "jerin sunaye" amma raina bai kwanta ba.

Mai Tace Hoto: Jerin sunaye ai na ƙarshen fim ne ƙanwata, wanda ke hawa sama mutane na tashi. Naki aikinsa daban, shi ke fara sa wa mai kallo faɗuwar gaba. Duba fim ɗin Psycho na 1960, Saul Bass ne ya tsara farkon, layuka ne kawai ke shigowa suna tsattsaga sunayen ga gogen Bernard Herrmann yana tafiya, ba jini ba dodo amma hankalinka ya riga ya tashi. Ki ce mabuɗin fim.

Uwar Biyu: Mabuɗi kuma? sai kace na kwaɗo. Shimfiɗa fa, ko share fage?

Mai Tace Hoto: Shimfiɗa ta fi zama da wasan da ake nunawa kafin sunaye, inda ake kashe mutum na farko. In ta ba wannan shimfiɗa me za ta kira wancan?

Baban Nahawu: Ku dakata yara. Kalmar tana nan, ZAURE. Zauren majigi. Nan baƙo ke tsayawa a san shi, a nan yake jin yanayin gidan kafin ya shiga. Na daɗe ina faɗin wannan ba mai saurare. Sannan ku daina cewa fim, muna da majigi.

Ɗan Tsokana: Baba da girmanka, majigin ma daga majik lantan na Turawa aka aro ta 😂 ta dai riga fim tsufa ne kawai

Baban Nahawu: Aron da ya kwana ya hantse a bakin kakanninka ba ɗaya yake da wanda kuka tsinto jiya a waya ba. Ku ne masu cewa "fim ɗin horo", horon wa? Horo a Hausa tarbiyya ne ko hukunci. Bafaranshe bai ji kunyar kiran wannan farkon fim ɗin jenerik da harshensa ba, mu kullum sai mun rusuna wa Ingilishi.

Ɗan Tsokana: Wallahi wasu finafinan kallonsu ma horo ne Baba, kalmar ta dace

Uwar Biyu: Ni abin da ke ban haushi duk wanda ya kawo kalma sai a ce ba Hausa ba ce, to harafi da kalma da nahawun da kake tinƙaho da shi duk ba daga Larabci suke ba? Kuma zaure yanzu an ba wa taron tattaunawa na intanet, kana cewa zauren fim kowa zai ɗauka gurup ne na WhatsApp.

Baban Nahawu: Su suka ɓata ta, ba ni ba.

Ɗalibar Fim: Iyayena don Allah jibi ne fa 😭 ni ko wacce ce ku tsayar min

Mai Tace Hoto: To ga wata, taken fim. Take ai ya haɗa biyu, suna ne kuma kiɗa ne da ake gane mai shi da shi, kamar taken ƙasa. Halloween na 1978 kabewa ce guda a baƙin allo da fiyanon da John Carpenter ya tsara da kansa, kana jin kiɗan ka san fim ɗin. Matsalar dai wani zai ɗauka sunan fim kawai ake nufi, sai a ƙara masa, buɗewar take, ko taken buɗe fim.

Uwar Biyu: Taken buɗe fim ya shiga kunne. Na ƙarshen kuma a bar masa jerin sunaye, shi kenan an raba gardama.

Baban Nahawu: Kalma uku a inda ɗaya ta isa. Amma aƙalla ba Turanci ba ne. 'Yata ki sa a rahoton cewa wasu masana na kiransa zaure.

Ɗan Tsokana: Wasu masana su nawa Baba?

Ɗalibar Fim: Na gode, taken buɗe fim na rubuta, zauren Baba zan sa shi a ƙasan shafi. Saura "font", siffar harafi zan ce ko salon rubutu?

Baban Nahawu: Hannu. Hannun rubutu. Bari in yi sallah in dawo in miki bayani.