"Da tsohuwar zuma ake magani": har da tsohuwar manhaja?

Ɗan Tawa: Jama'a, ku raba mu gardama. A ma'aikatarmu akwai wata manhajar lissafin albashi da aka rubuta da yaren kwamfuta na C, tana aiki kan tsarin sarrafa kwamfuta na Linux. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin aiki, rubutun asalin da aka haɗa manhajar daga gare shi ma ba a san inda ya shiga ba. Na ce wa maigida a gwada ta kafin ƙarshen shekara, sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ashe karin maganar nan cewa take kar a taɓa tsohon abu?

Baba na Koni: A'a ɗana. Yabon abin da ya daɗe ne, wanda aka ga amfaninsa. Babu hani a ciki. Ko mai maganin ai sai ya lasa kafin ya ba mara lafiya.

Inna mai lissafi: Ni dai ina bayan maigidanka. Gyaran gangar Abzinawa yake gudu. Na taɓa ganin an "gyara" irin wannan, kowane ma'aikaci ya tashi da giɓin jika biyu a albashinsa, aka kwana uku ana neman inda kuɗin suka maƙale.

Ɗan Tawa: Inna, ban ce gyara ba fa, gwaji na ce.

Ƙanen kowa, Yamai: To yaya, bar zumar a tulunta, ka sauya abin da ke kewaye da ita. Manhajar ba ta san ranar yau da kanta ba, tambayar laburaren tsarin take yi, wato tarin ƙananan ayyukan da manhajoji ke kira. Da LD_PRELOAD, wani saiti na Linux, sai ka sa a fara ɗora naka laburaren, ya amsa mata. Akwai laburaren libfaketime da aka yi don wannan: ka ce mata yau 31 ga Disamba ce, ta yarda. Rumbun bayanai kuwa, in da suna take kiran uwar garken, wato kwamfutar da ke riƙe da shi, sai ka juya sunan a /etc/hosts, fayil ɗin da ke haɗa suna da adireshin kwamfuta, zuwa kwamfutar gwaji mai ma'aikatan bogi. Amma a kan kwafi, don Allah, ba injin ofis ba. In an dunƙule laburaren cikinta tun wajen haɗawa, dabarar farko ba ta ci.

Ka kuma tura agogon zuwa 19 ga Janairu 2038, bayan 4:14 na asuba agogon Nijar. A nan ne ƙidayar daƙiƙu mai bit 32 (gurabe 32 na 0 ko 1), wadda ta faro daga 1970, ke cika; in da ita manhajar ke lissafin rana, za ta iya rikicewa.

Baba na Koni: Ka ji yaran zamani, har agogo ake yi wa ƙarya. Amma ina da ja. Ka ba ta ranar ƙarya da mutanen ƙarya, me zai tabbatar zumar gaske ka lasa?

Ƙanen kowa, Yamai: Gaskiyarka Baba. Halinta na yau kawai gwajin zai nuna, ko daidai ko kuskure. Sai a ajiye amsoshin, duk ranar da aka sauya injin a kwatanta.

Inna mai lissafi: To ku kawo mini takardun in bi da alƙalami. Harajin albashi kaɗai zan duba, sauran ku kuka sani.

Ɗan Tawa: Sai Litinin Inna. Maigida ya yarda, da sharaɗin kar na zauna kan kujerar injin.